A Hannun Damanku, Jama'a

Mondsee, Talata, 9 ga Satumba

Zuwa ga uwargidana Burgi,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Vroni da mijinta Florian da ɗan baƙon da Allah ya kawo mana. Yaya hidimar jego? Yaya bayan naki, ya saki, ko har yanzu sai kin dafa teburi kafin ki miƙe? Ina fatan Vroni ta fara samun ƙarfin jikinta, yaron kuma yana barinku ku huta. Ni ma lafiyata ƙalau, in ban da gidan da ya yi mini girma.

Na san za ki yi dariya da ganin rubutuna. Shekara talatin da huɗu muna tare, ban taɓa rubuta miki abin da ya wuce "burodi ya ƙare" a jikin firji ba. To, ke kika ce kada in kira ki a waya sai na yi abin da kika ce in yi. Ban yi ba. Amma ba ki hana takarda ba.

A kujerata nake zaune, na ajiye bas ɗin inda na saba, na ɗora takardar a kan sitiyari. Baƙina arba'in da bakwai sun bi jagorarsu Roswita da jar lemarta zuwa cocin da aka ɗaura auren a tsohon fim ɗin nan nasu na waƙe-waƙe da aka ɗauka a yankinmu, daga can su zarce shagon wainar tuffa. Awa guda nake da ita. Da can a wannan awar nake cin burodina da cuku, in kishingiɗa minti ashirin. Yau kwana goma sha ɗaya rabon da in iya. Sai in sauka in zagaya motar, in duba tayoyin da na riga na duba, in dawo in zauna, in sake sauka.

Wataƙila iskar ce. Iskar nan mai ɗumi da ke gangarowa daga tsaunukan kudu ta taso tun Lahadi. Kin san yadda take yi wa garin. Duwatsu sun matso kusa kamar mutum ya miƙa hannu daga barandarmu ya taɓa dutsen Untersberg, kowa kansa na sara, masu tasi sai faɗa suke da masu keke. Baƙi kuwa murna suke, wai hotonsu ya yi kyau.

Yau akwai wasu mata bakwai 'yan Amurka, duk sun haura sittin, sun ɗinko riguna iri ɗaya irin na fim ɗin. Tun daga lambun Mirabell suka fara waƙa, kafin ma in tayar da mota. A matakalar lambun sai da Roswita ta jera su suka yi tsalle-tsalle, ɗayarsu ta kusa gurɗewa. A bakin tafkin Leopoldskron wani ɗan Koriya ya tambaye ni ko na san 'yan wasan ido da ido. Roswita ta karɓe ta ce masa ai a shekarar da aka ɗauki fim ɗin aka haife ni, kuma ni kaɗai ne a duniya na ji waƙoƙinsa sau dubu goma sha biyar ban taɓa kallonsa har ƙarshe ba. Shekara goma sha tara tana riƙe da lasifika ina riƙe da sitiyari, kullum sai ta yi wannan zolayar, kullum kuma sai baƙi sun riƙe baki kamar an ce musu ba na wanka. Na ce mata ta bari sai na yi ritaya in zauna in kalla. Ta ce, "Kai? Ai kai a kan wannan kujerar za a yi maka addu'ar ƙarshe." Muka yi dariya. Amma maganar ba ta bar raina ba har garin St. Gilgen.

Burgi, ban manta abin da kika faɗa a kicin ba, ranar da kika tsinci takardar likitan ido a aljihun kwat ɗina. Kin ce ba za ki zauna a gida kina jiran ranar da waya za ta yi ƙara a ce miki mijinki ya taka ɗan wani ba. Kina ninke kayan jariri kika faɗa, ko kallona ba ki yi ba. Na ɓoye miki tun Afrilu, wannan na yi laifi. Amma ki saurare ni. Likitan bai ce na makance ba. Cewa ya yi hawan jinin ido ya cinye mini gefen dama, kamar an ɗan jawo labule. Gabana ina gani tar. Maganin ɗigawar ma ba na fashi. Hanyar nan kuwa shekara ashirin da tara ina bin ta sau biyu a rana, na san kowane rami da kowace kwana, ko madubi ban taɓa gogewa ba. Ƙarshen Oktoba kakar baƙi za ta ƙare, in cika shekara talatin cif. Mako bakwai ne kawai. Daga nan da kaina zan kai wa oga Wimmer makullin.

Ga jar lemar can ta ɓullo. Ki sumbaci yaron a madadina, ki gaishe da Vroni da Florian.

Naki har kullum,
Valentin

Salzburg, Lahadi, 14 ga Satumba

Burgi tawa,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaishe da mutanen gidan baki ɗaya. Da fatan kun tashi lafiya, kuma sanyi bai fara sauka a Graz ba tukuna. Hoton da Vroni ta turo jiya ya iso. Ta ce hancina yaron ya ɗauko, Allah ya ba shi haƙuri. Na ga hannunki a gefen hoton kin tallafe masa kai. Fuskarki ce dai ba ta fito ba, ban sani ba ko ke kika kauce.

Amsarki ba ta zo ba. Ba ƙorafi nake ba, faɗa kawai nake.

Yau ba aiki, kuma ban san yadda zan yi da kaina ba. Na je coci na fito kafin a tashi. Na ba furanninki na baranda ruwa, na manta na sake ba su. Sai na ɗauki hula na fita ba tare da na san inda za ni ba. Na tsallaka kogi, na kutsa cikin tsohon gari, na hau matakalar Nonnberg har ƙofar gidan sistoci, inda baƙi ke liƙe da ƙarfen ƙofa suna ɗaukar hoto. Ban zauna ba na sauko. Kin san inda na tsinci kaina a ƙarshe? Mirabell, a gefen titi, ina kallon ɗayan direban, Dragan, yana loda baƙin rana a bas ɗina. Mutum yana hutu ya je kallon wurin aikinsa. Da ya hango ni ya ɗaga murya yana tambaya ko uwargida ce ta kore ni. Na ce masa ya gyara madubin da ya karkatar mini.

Tunda na fara rubutu, bari in faɗa miki abin da ban iya faɗa a kicin ba. Kin tuna Baba, mahaifina, bayan ya ajiye tuƙin bas ɗin gidan waya? Ke kika riƙa kai masa miya. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana hawa da sauka a tsaunukan Lungau cikin ƙanƙara, ya koma zama a bakin taga da agogo a hannu, yana duba ko bas ɗin ƙarfe huɗu ya makara. Shekara biyu bai cika ba ya tafi. Duk lokacin da na tuna makullin nan, tagar nake gani. Ban iya komai ba sai tuƙi, Burgi. Ke kina da lambu, kina da ƙawaye, kina da mawaƙan coci. Ni in aka cire sitiyari daga hannuna ban san inda zan sa hannun ba.

Wani abu kuma. Kwanakin nan Roswita ta fito da sabuwar zolaya. Kin san aikinta ne ta riƙa cewa a hannun damanku ga kaza, a hannun hagunku ga kaza. To yanzu ko babu abin kallo sai ta faɗa. Ranar Juma'a muna fitowa daga fadar Hellbrunn, bayan baƙi sun gama zagaya rumfar gilashin nan ta fim ɗin, sai na ji ta a lasifika tana cewa, "A hannun damanku, jama'a, ga wani ɗan asalin Salzburg a kan kekensa, ku dube shi da kyau, ba su da yawa." Mota ta ɗauki dariya. Ni ma na yi, na kuma taka birki, don gaskiya ban lura da shi ba sai da ta faɗa. Matar nan tsufa ya fara sa ta surutu.

A hanyar dawowa yau na bangaji wata mata a lungun kasuwa, har jakarta ta faɗi. Cunkoso ne, kowa ma zai iya.

Ki huta lafiya. Ki ce wa Vroni ta ƙara turo hoto, wanda kowa ya fito.

Mijinki,
Valentin

Salzburg, Alhamis, 18 ga Satumba

Burgi,

Ina fatan kuna lafiya, ke da yaran. Ki gafarce ni, gaisuwar yau gajera ce. Ki zauna kafin ki ci gaba. Ba wanda ya mutu. Na fara da wannan don kada zuciyarki ta tsinke.

Jiya a zagayen rana, mun wuce Fuschl muna gangarawa St. Gilgen, wurin da nake karyawa dama in shiga filin da baƙi ke sauka su ɗauki hoton tafki. Ana ta waƙa kamar kullum. Wata mata a kujerun baya jiri ya kama ta, Roswita ta ajiye lasifika ta tafi kai mata leda da ruwa. Na sa sigina. Na duba madubi, na rantse miki na duba. Na karya. Sai na ji wani ƙara a ƙarƙashin motar, kamar an taka gwangwani, waƙar kuma ta yanke a tsakiya.

Mace ce a kan keke, a hanyar masu keke, inda take da gaskiya. Allah ya ba ta sa'a ta yi tsalle ta faɗa ciyawa. Keken ya shige ƙarƙashin tayar gaba ya lanƙwashe. Da na sauka na same ta zaune tana riƙe da hannunta na hagu, gwiwarta ta kuje, hular kwanonta ta karkace. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Kallon keken kawai take. Sunanta Hemma Lindner, ba za ta wuce sa'ar Vroni ba.

'Yan sanda sun zo, sun sa na hura na'urarsu ta gwajin barasa, ba komai. Babban cikinsu ya zagaya motar ya ce ai manyan motoci duk suna da wurin da madubi ba ya nunawa, kusan kowane mako sai sun ga irin wannan. Wani baƙo ɗan Kanada ya dafa kafaɗata ya ce ba laifina ba ne. Oga Wimmer a waya ya ce shekara ashirin da tara ba tabo, kowa yana da ranarsa, in kwantar da hankalina. Kowa ya miƙo mini uzuri, Burgi, ni kuwa na karɓa. Ɗan sandan ya tambaye ni ko akwai wata matsalar lafiya. Na ce babu. Bakina ne ya faɗa, ina ji.

Motar asibiti ta tafi da matar. Na ja baƙi zuwa Mondsee, ba mai tari a motar. Da muka isa, Roswita ta nuna musu hanyar cocin ta ce su je ta biyo su. Ta dawo ta rufe ƙofa, ta zauna a kujerarta ba ta dube ni ba. Ta tambaye ni tun yaushe. Na yi kamar ban gane ba.

Ta ce, "Valentin, kada ka raina mini hankali. Tun watan Mayu nake miƙa maka kofi ta dama ba ka ganinsa sai na taɓa ka. Kana tsammani masu keke nake sha'awa da nake ta nuna wa baƙi su? Wata huɗu ina yi maka ido. Yau na tashi minti biyu."

Ta ce ta yi shiru ne don tana jiran in faɗa da bakina, kuma tana ganin girman shekarun da muka yi tare, amma yanzu ta gane ita ma da hannunta a abin da ya faru. Ta ce ba za ta ƙara hawa motar da nake ja ba, kuma in ban je wa oga ba kafin Litinin, ita za ta je. Sannan ta buɗe jakarta ta ba ni rabin burodinta, ta ce in ci, fuskata ta yi fari. Ta kira Dragan ya zo ya mayar da motar gari. A kujerar baya na dawo, cikin baƙi, na sunkuyar da kai.

Yau na ce musu ba ni da lafiya. Tun safe nake zagaya gidan. Na wanke kwanukan da suke wanke. Na fito da takardar likitan na karanta, na mayar, na sake fitowa da ita. Sau uku na ɗauki waya zan kira ki. Har yanzu wata zuciyar tana ce mini ai ɗan sandan ma ya faɗa, kowace babbar mota tana da wurin da ba a gani. Ina faɗa miki ne don ki san irin mutumin da kike aure.

Kada ki gaya wa Vroni tukuna, tana shayarwa.

Valentin

Salzburg, Asabar, 20 ga Satumba

Uwargidana,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da duk na tare da ke. Yaya jikin Vroni, yaya ɗan saurayinmu? Katinki ya iso da safiyar nan. Layi biyu ne, amma na karanta su ya fi sau ashirin. Kin tambaya yaya hannun matar, kuma ko na ci abinci. Na ci. Ga labarin hannun.

Jiya na hau bas na haya zuwa St. Gilgen, da furanni a hannu. Niyyata in gaishe ta in dawo, ba wani abu ba. Gidan yana bayan makarantar firamare, hawa na biyu. Ita ta buɗe mini, hannun a ɗaure cikin filasta har gwiwa. Ƙashin wuyan hannu ne ya tsage, mako shida. Ta karɓe ni da fara'a, har tana ba ni haƙuri, wai ita ma da ta rage gudu. Ta ce in shigo in sha kofi.

A cikin zauren na ga wata 'yar kujerar roba, irin wadda ake ɗaurawa a bayan keke. Wata yarinya 'yar shekara uku ta leƙo daga bayan ƙafar uwarta, da majina a hanci. Hemma ta ce kullum ranar Laraba tare suke dawowa daga gidan reno. Wannan Larabar ce kawai mura ta kama yarinyar, aka bar ta wurin kakarta, shi ya sa ta cire kujerar da safe.

Burgi, na sake duban kujerar nan. Na jingina da bango. Ban san lokacin da na fara magana ba. Na gaya mata komai, likitan, takardar, labulen da ke idona, da abin da na ce wa ɗan sanda. Ta saurara har na gama. Ta tura yarinyar ɗaki ta ja ƙofa. Tambaya ɗaya ta yi mini.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun Afrilu."

Fara'ar nan duk ta tafi. Ta ce ita malamar makaranta ce, yaran ajinta ashirin da biyu a kan wannan hanyar suke zuwa da kekunansu. Ta miƙo mini furannin ta ce in tafi da su. Ta ce za ta kira 'yan sanda ta gaya musu. Na ce ba sai ta wahala ba, can zan nufa yanzu.

Na kuwa je. Ɗan sandan nan na samu, wanda ya ba ni uzuri. Da na ajiye masa takardar likita ya karanta, ya cire tabarau ya shafa fuska, ya ce in zauna, a sake rubutu daga farko. Awa biyu muka yi. Lasisin yana wurinsu. Ya ce maganar za ta je gaba, wataƙila har kotu, in nemi lauya. Na ce to.

Na ɗauka in na faɗa zan ji sauƙi. Ban ji ba. Na fito na tsaya a bakin tafkin da furanni a hannu kamar wanda budurwa ta ƙi, na rasa inda zan ajiye su. A ƙarshe a cocin garin na bar su. Fuskar yarinyar nan ba ta bar ni ba har yanzu.

Litinin zan je wurin oga. Wannan karon ba sai an tura ni ba.

Ki gaishe da kowa. Yanzu kina iya gaya wa Vroni.

Naki,
Valentin

Salzburg, Laraba, 24 ga Satumba

Burgi tawa abar ƙauna,

Bayan gaisuwa da fatan wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Yaya bayan naki? Yaya mai jego da angon ƙarni? Na san yanzu ina da izinin kiran waya, amma na gwada jiya, da na ji ta fara ƙara sai na kashe. Da alama na saba da takardar. A nan ba ki ganin fuskata.

Na kai makullin ranar Litinin. Oga Wimmer ya yi faɗa sosai, har sakatariya ta tashi ta rufe ƙofa. Ya ce mutum arba'in da bakwai yake damƙa mini sau biyu a rana, da amanarsa da sunan mahaifinsa a jikin motar. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Da ya gaji ya zauna, ya ce ashe har ya sa an rubuta sunana a wani agogon bango na cikar shekara talatin. Ya tambaye ni yanzu ya zai yi da shi. Na ce ya rataya a ofis, aƙalla direbobi su riƙa zuwa kan lokaci. Bai yi dariya ba, amma ya miƙo mini hannu da zan fita.

Jiya da safe Roswita ta buga ƙofa. Ta ce ta san in aka bar ni zan cinye kafet ɗin gidan da zirga-zirga, in sa takalmi in biyo ta, akwai kujera ɗaya da ba kowa. Na ce ba zan iya ba. Ta ce ba tambayata take ba. Haka na bi zagayen a matsayin baƙo, layi na tara, gefen taga ta hagu, Dragan na tuƙi.

Wata tsohuwa 'yar Filifin ce a kusa da ni, Luz sunanta, 'yarta nas ce a Vienna, ita ta kawo ta. Ta ce tana 'yar shekara goma sha biyu ta fara ganin fim ɗin a garinsu, tun ranar take son zuwa nan, yau tana da saba'in da biyu. Ta ɗauka ni ma baƙo ne. Ta riƙa yi mini bayanin ko'ina, rabi daidai rabi ba daidai ba, na bar ta. Da ta ji ban taɓa kallonsa har ƙarshe ba ta buge ni a cinya da 'yar jakarta. A Leopoldskron ta ja ni har bakin ruwa. Kin san shekara ashirin da tara ban taɓa isa bakin ruwan nan ba? Kullum ina can ina gadin mota. Akwai agwagi, akwai inuwar babban gidan da ke bakin tafkin a kwance cikin ruwa, dutsen kuma a bayansa. Ta tsaya tana hawaye tana dariya, ni kuma ina juya kai a hankali kamar mai shan iska, don in haɗa abin ya zama ɗaya. Rabin tafkin nake samu a kallo guda.

Da muka zo kwanar St. Gilgen na rufe ido. Ƙafata ta dama ta taka birkin da babu. Roswita ba ta ce komai a lasifika ba har muka tsaya.

Likita ya sake duba ni da yamma. Ya ce abin da ya tafi ya tafi, na hagun ma ya fara taɓuwa kaɗan, amma in na kiyaye za a iya riƙe shi shekaru. Shekaru nawa, bai ce ba. Lauya kuma sai mako mai zuwa. Na rubuta wa Hemma Lindner 'yar takarda, ba na sa ran amsa.

Ban zama wani sabon mutum ba, Burgi, kada ki sa rai. Har yanzu ba na iya zama minti goma a kujera ɗaya. Da safen nan ƙarfe bakwai na tsinci kaina na sa rigar aiki. Tsoron tagar Baba yana nan. Amma yaron nan ya kusa wata guda a duniya ban gan shi ba sai a waya, kuma ban san tsawon lokacin da aka ba ni na gani ba. Ina so in ƙare masa kallo tun da sauran hali. Ke ma haka.

Na bar wa maƙwabciya makullin gida saboda furanni. Zan taso ranar Asabar a jirgin ƙasa na safe, in iso Graz ƙarfe biyu da kwata na rana. In ba ki shirya ganina ba, ki turo Florian, ba zan ji haushi ba. In kuwa ke za ki zo, tashar tana da cunkoso, ki tsaya ta hannun haguna, don kada in wuce ki.

Ki gaishe da Vroni da Florian, ki shafa mini kan yaron.

Mijinki mai kewarki,
Valentin Eder